Fansho, Kuɗin Naƙasa da Tallafin Gwamnati: Yadda Za Ka Gane Haƙƙinka Ka Kuma Bi Shi

Ranar da na raka kawuna ofishin fansho, ya tafi da ƙwarin gwiwar cewa shekara talatin da ya yi yana aiki ta ishe shi shaida. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta shigar da lambarsa a kwamfuta, ta juyo mana da allon. A tsakiyar jerin shekarun akwai huɗu da ba komai a gabansu sai sifili. Kamfanin da ya yi wa aiki a lokacin yana yankar kuɗin daga albashinsa duk wata amma bai zuba ba, kuma ya daɗe da rufewa. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, yanzu wa zan kama?" Na ce, "Kawu, mu je gida mu buɗe tsohon akwatin nan naka." Cikin ikon Allah muka samu takardun albashi na uku daga cikin shekarun, sun yi ja don tsufa amma rubutun yana karantuwa. Ta huɗun ta tafi ke nan.

Tun daga ranar na ɗauki abu ɗaya na riƙe: hukumar da ke biyan waɗannan kuɗaɗe ba ta san wahalar da ka sha ba, abin da ke rubuce a kanka kawai ta sani. Wannan jagorar ta tsaya ne a kan yadda za ka sa rubutun ya dace da gaskiyar rayuwarka. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma adadin kuɗin yana sauyawa kusan kowace shekara, amma ginshiƙan abin iri ɗaya ne a ko'ina. Zan riƙa kawo misalai daga ƙasashe daban-daban don ka san tambayar da za ka yi a taka ƙasar.

Mataki na farko: san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa

Mutane sukan haɗa komai su kira shi "kuɗin gwamnati". Alhali ƙofofi uku ne, kuma mai tsaron kowace ƙofa tambayarsa daban. A ƙofar fansho za a tambaye ka shekarunka nawa, kuma shekara nawa ka yi kana zuba gudummawa. A ƙofar naƙasa za a tambaye ka me ciwon ya hana ka yi, kuma har tsawon wane lokaci. A ƙofar tallafi ba ruwan kowa da aikin da ka taɓa yi, abin da za a duba shi ne nawa ke shigo maka yanzu, kuma me ka mallaka.

Fansho da kuɗin naƙasa na ma'aikata tagwaye ne tun asali. Jamus ce ta fara haɗa su cikin doka guda a 1889, zamanin shugaban gwamnati Bismarck, kuma shekarun karɓar fansho a lokacin 70 ne, sai a 1916 aka sauko da su 65. Amurka ta kafa nata tsarin a 1935 da sa hannun Shugaba Franklin Roosevelt, ta ƙara inshorar naƙasa a 1956, sannan a 1972 ta yi dokar tallafin tsofaffi da makafi da naƙasassu marasa ƙarfi, wanda suke kira SSI, aka fara biyansa a 1974. Birtaniya ta gina nata a kan rahoton da masanin tattalin arziki William Beveridge ya rubuta a 1942. A 1952 Hukumar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 102, wadda ta lissafa rassa tara na kariyar jama'a, ciki har da tsufa, naƙasa, rauni a wurin aiki, rashin aikin yi, da haƙƙin iyalan mamaci.

Amfanin sanin wannan tarihin shi ne ka gane cewa kashi biyu ake da su. Akwai wanda ka saya da guminka, ana cire shi daga albashinka tun kana da ƙarfi. Wannan inshora ce, ko attajiri ne kai za a biya ka idan ka cika sharuɗɗa. Akwai kuma wanda ake biya daga harajin ƙasa, wanda galibi sai an auna ƙarfin aljihunka. Da yawa an mayar da su gida hannu rabbana don kawai sun cike takardar kashin da ba nasu ba. Kuma mutum ɗaya yana iya cancantar biyu a lokaci guda: wanda fanshonsa ya yi kaɗan ƙwarai, a ƙasashe irin su Kanada da Birtaniya akwai cikon da ake ɗora masa daga kuɗin tallafi, amma sau da yawa sai ya nema da kansa.

Mataki na biyu: wane irin fansho ƙasarka ke gudanarwa?

Iri uku suka fi yawa. Na farko shi ne wanda ma'aikatan yau ke biyan tsofaffin yau, su ma in sun tsufa na baya su biya su. Haka Amurka da Jamus da Birtaniya suke yi. A Amurka ana cire kashi 6.2 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara wani 6.2, mai sana'ar kansa kuwa shi ke biyan 12.4 gaba ɗaya. A irin wannan tsarin ba wani asusu da ke ɗauke da sunanka cike da kuɗi. Abin da kake tarawa shi ne shekaru da tarihin albashi, da su ake lissafa abin da za ka karɓa.

Na biyu shi ne asusun ajiya na mutum ɗaya, inda kuɗinka ke taruwa da sunanka, wani kamfani mai lasisi yana juya su. Chile ce ta shahara da shi tun 1981. Najeriya ta koma kansa a 2004, kuma dokar 2014 ta sa wanda ya ɗauki mutum aiki ya zuba aƙalla kashi 10, ma'aikaci kashi 8. A nan abin da ka tara da ribarsa shi ne naka, don haka duk watan da ba a zuba ba giɓi ne kai tsaye a aljihunka. Na uku shi ne fanshon tsufa da ba ya buƙatar gudummawa, kamar na Namibiya da Botswana da ake bai wa kowane tsoho ɗan ƙasa, ko na Afirka ta Kudu da ake bayarwa daga shekara 60 bayan an auna ƙarfin mutum. Ƙasashe da dama suna gauraya biyu ko duka ukun. Ka tambaya a gaya maka a sarari wanne kake ciki, don duk sauran lissafin a kansa yake.

Mataki na uku: karɓo tarihin gudummawarka tun kafin ka buƙace shi

Nan ne zan fi tsayawa, don nan aka fi yin asara. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kusan kowace hukumar fansho tana ba mutum bayanin abin da aka rubuta a kansa, ko ta intanet ko a takarda. Ka nemi naka yau, ko da shekararka 35. Ka zauna da shi ka bi shekara bayan shekara da yatsa, kana tuna inda ka yi aiki a kowacce. Abu huɗu kake nema: shekarar da ba a rubuta komai ba alhali ka yi aiki, shekarar da albashin da aka rubuta bai kai abin da ka karɓa ba, kuskuren suna, da kuskuren ranar haihuwa.

Kada ka raina na ƙarshen biyu. Harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin katin shaidarka da fayil ɗin aikinka yana iya tsayar da biya na watanni. Matar da ta sauya suna bayan aure, ko mutumin da aka buɗe wa lamba biyu a wuraren aiki biyu, gudummawarsa takan rabu gida biyu, kowane ɓangare bai kai abin da ake buƙata ba. Gyaran irin wannan yana da sauƙi yayin da tsohon wurin aikinka ke nan kuma wanda ya ɗauke ka yana raye. Bayan shekara ashirin sai ka ga ba wanda za a tambaya. Wasu ƙasashen ma sun sa wa gyaran wa'adi. A Amurka ƙa'idar ita ce shekara uku da wata uku da kwana 15 bayan ƙarewar shekarar da aka yi kuskuren, duk da akwai dalilan da ake karɓa bayan haka.

Sai ka gwada abin da ka tara da mafi ƙarancin abin da doka ta nema. A Amurka maki 40 ake buƙata, ba a samun fiye da huɗu a shekara, wato aikin kimanin shekara goma. A Jamus shekara biyar ce. A Ghana wata 180. A sabon tsarin Birtaniya da ya fara a Afrilun 2016, shekara 10 ce mafi ƙaranci, 35 kuma ke ba da cikakken fansho, don haka mai shekara 20 zai karɓi kaso 20 cikin 35. Kanada tana da fanshon da zama a ƙasar yake dubawa: shekara 10 bayan mutum ya cika 18 don ya samu wani abu, 40 don ya samu cikakke.

Idan ka ga saura kaɗan ka kai, tambayi ko ana cike giɓi. Birtaniya takan bari mutum ya biya na shekara shida da suka wuce da kuɗinsa. Wasu ƙasashen suna ƙirga lokacin renon yara, ko jinyar mara lafiya, ko aikin soja, tamkar lokacin gudummawa. Mata su fi kowa kula da wannan, domin su ne aikinsu ya fi yankewa saboda haihuwa da reno, kuma su ne suka fi daɗewa a raye suna buƙatar kuɗin.

Ka ware jaka ɗaya ta wannan harka kawai. A ciki a samu takardar ɗaukar aiki, takardun ƙarin girma, takardar albashi aƙalla ta farko da ta ƙarshen kowace shekara, takardar barin aiki, shaidar haihuwa, shaidar aure, da ta haihuwar yara. Ka ɗauki hoton kowacce ka ajiye a wani wuri daban.

Mataki na huɗu: yanke shawarar lokacin fara karɓa

Ranar barin aiki daban, ranar fara karɓar fansho daban, kuma a tsare-tsare da yawa kai ke zaɓar ta biyun. Dubi lissafin Amurka, don a fili yake. Wanda aka haifa daga 1960 zuwa sama, cikakkun shekarunsa 67 ne. Yana iya farawa tun 62, amma za a rage masa kashi 30 cikin ɗari har ƙarshen rayuwarsa. In ya jira bayan 67, ana ƙara masa kashi 8 a kowace shekara har ya kai 70.

A ce haƙƙinsa a 67 dala 1,000 ne a wata. In ya fara a 62 zai karɓi 700, in ya jira 70 zai karɓi 1,240. Wanda ya fara da wuri ya riga ya kwashi wata 60 na dala 700, wato 42,000, kafin wanda ya jira 67 ya karɓi ko sisi. Na biyun yana fin sa da 300 a wata, don haka sai bayan wata 140 zai kamo shi, lokacin suna gab da shekara 79. Daga nan kuma mai haƙurin ne ke gaba har abada. Ba wanda ya san tsawon kwanansa sai Allah, amma kowa ya san lafiyarsa, ya san ko yana da wata hanyar samu, ya san ko akwai matar da za ta gaji fanshon bayansa. A ganina wanda ke da lafiya da aikin da zai iya ci gaba da shi, jira ya fi masa, domin abin tsoro a tsufa shi ne mutum ya daɗe kuɗi su ƙare. Wanda jikinsa ya gaji ko ba shi da abin ci, ya karɓa da wuri, ba abin kunya a ciki.

Ka kuma binciki shekarun da ake lissafi da su. Amurka tana ɗaukar shekara 35 mafi tsoka a tarihin albashinka. Wanda ya yi 30 kawai, sifili biyar za a saka masa, su ja matsakaicin ƙasa. Shekara ɗaya ta ƙarin aiki tana goge sifili ɗaya.

Mai asusun ajiya kuma tasa shawarar daban ce: ko ya bar kuɗin a hannun kamfanin fansho a riƙa tsakuro masa duk wata, ko ya sayi inshorar da za ta biya shi muddin ransa. Ta farko takan bar wa magada abin da ya rage, ta biyu kuma tana kare shi daga ƙarewar kuɗi. Kada ka sa hannu a ranar da aka yi maka bayani. Karɓi lissafin duka biyun a rubuce, ka tafi da shi gida. Kuma ka tambaya ko ana ƙara kuɗin idan farashin kaya ya hau, domin fanshon da ba ya motsi, shekara goma ta isa ta cinye ƙarfinsa.

Mataki na biyar: neman kuɗin naƙasa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, kusan kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya, suna rayuwa da naƙasa mai tsanani. Ba duka ne doka ke biya ba, saboda ma'anar naƙasa a wurin likita daban take da ma'anarta a wurin hukumar biya. Sunan cutar ba shi ne ke ba ka haƙƙi ba. Abin da ake aunawa shi ne aikin da ta hana ka. Jamus da awa take aunawa: wanda ba zai iya aikin awa uku a rana ba ya cancanci cikakken kuɗi, wanda zai iya daga uku zuwa ƙasa da shida ya cancanci rabi. Amurka ta fi tsauri. Dole ciwon ya kasance zai kai wata 12 ko zai kai ga mutuwa, kuma bayan an tabbatar ba za ka iya tsohon aikinka ba, sai a sake duba ko akwai wani aikin da za ka iya bisa shekarunka da iliminka. Ko an amince, akwai jiran wata biyar kafin biya ya fara.

Akwai tarkon da ba a cika faɗa wa mutane ba. Inshorar naƙasa takan buƙaci gudummawar kwanan nan. A Amurka, mai shekara 31 zuwa sama yawanci sai ya yi aikin shekara biyar cikin goman ƙarshe. A Jamus, shekara uku cikin biyar na ƙarshe. Mutum ya bar aiki saboda ciwo, ya zauna gida yana fatan sauƙi shekara da shekaru, ranar da ya zo nema sai a ce inshorarsa ta ƙare. Don haka da zarar likita ya nuna ciwon mai daɗewa ne, ka shigar da buƙatarka. Kuma in a wurin aiki ka ji raunin, ka tabbata an rubuta rahoto a ranar, domin diyyar rauni a bakin aiki reshe ne mai zaman kansa, kuma wa'adin kai rahotonsa gajere ne.

Yanzu ga ranar tantancewa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Yawancinmu an rene mu da cewa in an tambayi jiki, a ce da sauƙi. Wannan kyakkyawar ɗabi'a ce a gaban mai gaisuwa, amma a gaban mai tantancewa tana iya jawo maka asarar haƙƙi, domin abin da ka faɗa shi zai rubuta. In ya ce, "Kana iya tafiya?" kada ka tsaya a "ina iyawa". Ka ce daga gado zuwa ƙofa kana iyawa, amma sai ka dafa bango, kuma in ka yi minti biyar a tsaye sai ka zauna rabin awa. In ya tambayi wanka, ka faɗi wanda ke taimaka maka da yadda yake yi. Ka bayyana ranarka mafi muni da ranarka mafi sauƙi, da kwana nawa a mako kowacce ke zuwa. Kada ka ƙara gishiri, don za a gwada maganarka da fayil ɗin asibiti, amma kada ka rage ko kaɗan.

Abin da ya fi taimakawa shi ne ɗan littafi. Wata guda kafin ganawar, ka riƙa rubuta abin da ka kasa yi kowace rana, maganin da ka sha, da yadda ya bar ka. Ka roƙi likitanka kada wasiƙarsa ta tsaya a sunan cutar, ya rubuta nauyin da za ka iya ɗagawa, tsawon zaman da za ka iya, da abin da yake hasashe nan gaba. Ciwon da ido ba ya gani, kamar na ƙwaƙwalwa, farfaɗiya ko sikila, shi ya fi buƙatar wannan, domin mai shi yakan shigo da ƙafarsa a ɗauka lafiyarsa ƙalau. Ka tafi da wanda ke zaune da kai, yakan tuna abin da kai ka saba da shi har ka daina ganinsa a matsayin wahala.

Wasu ƙasashen suna da kuɗin da ake biya don ƙarin ɗawainiyar naƙasa kawai, ba ruwansa da ko kana aiki ko kana da dukiya. Irinsa ne wanda Birtaniya ke kira PIP tun 2013. Kuma mai son gwada komawa aiki ya tambayi ƙa'ida tukuna: Amurka tana ba da wata tara na gwaji ba tare da an taɓa kuɗin inshorar ba.

Mataki na shida: tallafin masu ƙaramin ƙarfi

A nan awo biyu ake yi, na abin da ke shigowa da na abin da aka mallaka. A shirin SSI na Amurka, dukiyar mutum ɗaya kada ta wuce dala 2,000, ta ma'aurata 3,000, amma ba a ƙirga gidan da kake ciki da mota ɗaya. A shirin Universal Credit na Birtaniya, ajiyar da ta haura fam 6,000 tana fara rage kuɗin, wadda ta haura 16,000 kuma tana hana shi. Kafin ka yanke wa kanka hukunci cewa ba ka cancanta ba, nemi jerin abin da ba a ƙirgawa. Ka kuma san cewa galibi gida ake aunawa, don haka samun miji ko mata yana shiga lissafin.

Mutane da yawa suna tsoron yin ɗan aiki kada a yanke tallafin. A mafi yawan tsare-tsare ragewa ake yi sannu a hankali. A Universal Credit na Birtaniya, cikin kowane fam 100 da ka samu ana rage 55 daga tallafin, ka tsira da 45. Abin da zan gargaɗe ka a kai shi ne kyautar da dukiya ga dangi don ka sauko ƙasa da iyaka. Hukumomi sun san wannan dabarar. A Amurka tana iya hana mutum SSI har wata 36.

Mataki na bakwai: shigar da buƙata

Ba a biyan wanda bai nema ba, kuma ranar da ka nema tana da daraja, domin daga ita ake fara ƙirga. Wasu kuɗaɗen ana komawa baya kaɗan, wasu kuwa ba a komawa ko kwana ɗaya. Ka shigar ko da wata takarda ba ta kammala ba, ka kawo ta daga baya. Ka karɓi shaidar karɓa mai kwanan wata. Ka riƙe kwafin duk abin da ka miƙa, kada ka saki takardar asali sai da rasit. Duk wayar da ka yi, rubuta rana da sunan wanda ya amsa da abin da ya ce.

Neman haƙƙin nan kyauta ne. Duk wanda ya kira ka ya ce ka tura kuɗi don a fito da fayil ɗinka, ko ka karanto masa lambar sirrin da ta shigo wayarka, ɗan damfara ne, ko da ya faɗi sunanka da lambarka daidai. Tsofaffi su ne abin harinsu, don haka ka zaunar da iyayenka ka gaya musu tun yau.

Mataki na takwas: idan aka ƙi

Takardar ƙin amincewa tana karya zuciya, musamman ga mara lafiya, kuma da yawa a nan suke haƙura. Kada ka haƙura. Abu biyu za ka nema a cikinta: dalilin ƙin, da wa'adin ɗaukaka ƙara. A Amurka kwana 60 ne, kuma matakan huɗu ne: sake dubawa, zama gaban alƙalin hukumar, majalisar ɗaukaka ƙara, sannan kotun tarayya. A Birtaniya wata ɗaya ne don neman a sake duba hukuncin, daga nan sai kotun sauraron ƙorafi mai zaman kanta. Ɗaukaka ƙara ta fi sabuwar buƙata, domin ita ke riƙe maka ranar farko, in ka yi nasara a biya ka bashin baya.

Ka nemi kwafin fayil ɗinka ka ga abin da aka dogara da shi. Sannan ka amsa dalilin da aka bayar kai tsaye. In an ce shekarunka ba su kai ba, kawo takardun albashi. In an ce za ka iya aikin zama, kawo wasiƙar likita da ta yi magana a kan zama. Dogon bayanin halin da iyalinka ke ciki gaskiya ne, amma ba shi ne abin da mai hukunci ke da ikon aunawa ba. Ƙungiyoyin ƙwadago, ƙungiyoyin 'yan fansho da na masu buƙata ta musamman, da ofisoshin taimakon shari'a kyauta, sun saba da wannan aikin, kuma sun san lafazin da hukumar ke ji.

Mataki na tara: bayan kuɗi sun fara shigowa

Duk sauyin da ya shafi sharaɗin biyanka, ka kai rahotonsa a rubuce: aure, rabuwa, sabon aiki, gado, ƙaura, doguwar jinya a asibiti. In aka biya ka fiye da haƙƙinka za a nemi a mayar, ko da kuskuren nasu ne, sai dai kana iya ƙalubalantar adadin, ko ka nemi a yafe, ko a rarraba maka biyan. Takardar tantance cewa kana raye, ko ta sake duba lafiyarka, kada ta kwana ba amsa, don shiru kaɗai yana sa a dakatar da biya.

Mai shirin komawa wata ƙasa ya yi tambaya kafin ya sayi tikiti. Fanshon gudummawa yawanci yana bin mai shi, tallafi kuwa ba ya ƙetare iyaka: SSI yana tsayawa idan mutum ya yi wata guda cur a wajen Amurka. Birtaniya tana biyan fanshonta a ko'ina, amma a ƙasashe irin su Kanada da Ostareliya da Afirka ta Kudu ba ta ƙara shi duk shekara, a inda ya fara nan yake daskarewa. Wanda ya yi aiki a ƙasa biyu kuma ya binciki ko akwai yarjejeniya tsakaninsu ta haɗa shekaru, kamar yadda ƙasashen Tarayyar Turai ke yi, ta yadda shekara shida a nan da bakwai a can ba za su tafi a banza ba.

Saura haƙƙin waɗanda za ka bari. A Amurka matar mamaci tana iya fara karɓa daga shekara 60, har wadda aka saka ma tana da haƙƙi in auren ya kai shekara 10. A tsarin asusun ajiya, sunan da ka rubuta a takardar magaji da wasiyya ko takardar kotu ta rabon gado su ake nema kafin a saki kuɗi. Ka duba sunan da ke kan takardar, wataƙila tun kana saurayi ka cike ta da sunan mahaifin da ya riga ya rasu. Ka sabunta ta, ka nuna wa matarka ko babban ɗanka inda jakar take, ka rubuta lambar fanshonka da sunan hukumar a bangon farko na ciki.